Labarin Louis Hébert, Bafaranshen Da Ya Fara Noma A Kanada

Ya ku 'yan makaranta, in kun buɗe taswirar duniya kuka dubi arewacin nahiyar Amurka, za ku ga wata ƙasa mai faɗin gaske da a ke kira Kanada. Ta wajen gabashinta akwai wani babban kogi, sunansa Saint-Laurent, wanda ya fito daga manyan tafkuna ya gangara har ya faɗa Tekun Atlantika. A bakin kogin nan, daidai inda ya ƙuntata, nan birnin Kebek ya ke, bisa wani tudun dutse. Yawancin mutanen birnin da na lardinsa Faransanci su ke yi har yau, alhali kuwa tun cikin shekarar 1763 Faransa ta sallama wa Ingila ƙasar. Yaro mai lura ya kan tambayi malaminsa, ƙaƙa aka yi harshe ya zauna daram bayan mulkin masu shi ya tashi? Amsar tana da tsawo, amma farkonta yana wurin wani mutum guda da matarsa da 'ya'yansu uku, waɗanda suka sauka can cikin 1617, watau shekara 187 kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunan mutumin Louis Hébert, Faransawa su kan faɗe shi Luwi Eber, matarsa kuwa Marie Rollet. Mun ga ya kamata mu kawo muku labarinsu a shafin nan, gama littattafan tarihi sun cika ba da labarin sarakuna da mayaƙa, su manta da wanda ya ciyad da su.

ƊAN BIRNI MAI SANA'AR INUWA

An haifi Louis Hébert a birnin Faris wajen shekarar 1575. Ubansa, Nicolas, mai haɗa magunguna ne, yana da kanti a wata unguwa kusa da fadar Sarkin Faransa. A zamanin nan ƙasar ba ta zauna lafiya ba, don Kiristocin Faransa sun rabu biyu, suna ta yaƙar juna a kan addini tun daga 1562 har 1598. Cikin rikicin nan arzikin Nicolas ya karye, bashi ya hau shi, har aka kai shi kurkuku. Sabo da haka Louis bai gaji kome ba sai sana'a. Amma fa sana'a ce ta masu ilmi, gama ba a barin mutum ya haɗa wa jama'a magani sai ya iya karatun Latin, ya san ganyaye da saiwoyi da ma'auni, ya kuma yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin gwani. Cikin 1601 ya auri Marie Rollet, ita ma 'yar Faris ce, ta kuwa iya karatu, abin da ba kowace mace ta samu ba a lokacin. Ku riƙe wannan a zuciyarku tun daga yanzu: mutumin nan ɗan birni ne, mai karatu, mai aiki a inuwa. Ba wanda zai gan shi a kantinsa yana auna garin magani ya ce wata rana zai ɗauki gatari ya shiga saran daji.

KIFI DA FATA

Abin da ya fara kai Faransawa wancan ƙetaren teku, kifi ne da fata. Masunta su kan tafi kowace shekara su kama kifi su bushe shi su komo. Daga baya suka ga mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa bisa kuskure, suna da fatun wata dabbar ruwa da Faransawa ke ce wa kasto. Dabbar ta fi gafiya girma nesa ba kusa ba, tana da faffaɗar wutsiya, ta kan sare itatuwa da haƙoranta ta datse rafi ta yi gida a ciki. Da gashinta mai laushi a ke yin malafar da manyan Turai ke yayi, sabo da haka fatar ta yi tsada ƙwarai. Fatake su kan ba da gatura da wuƙaƙe da tukwanen tagulla da barguna, su karɓi fata, su kai Faransa su ci riba mai yawa. Sarki ya kan ba wani kamfani izinin cinikin nan shi kaɗai, bisa sharaɗin ya kai mutane su zauna su raya ƙasar. Kamfani ya kan karɓi izinin hannu bibbiyu, ya yi watsi da sharaɗin.

Cikin 1606 wani babban mutum, Poutrincourt, wanda ke auren 'yar'uwar Louis ta wajen uwa, ya ɗauke shi ya zama mai maganin ƙungiyarsa, suka tafi wani sansani da a ke kira Port-Royal, a yankin da yanzu a ke ce da shi Nova Scotia. A can ya sadu da Samuel de Champlain, shahararren matuƙin jirgi mai zana taswira, suka ƙulla abota. A can ne kuma aka fara ganin halinsa. Wani lauya da ke tare da su, Marc Lescarbot, ya rubuta cewa mai maganin nan, ban da ƙwarewarsa a kan sana'arsa, yana jin daɗin aikin ƙasa ƙwarai. Sai ya riƙa shuka irin da suka zo da shi daga gida yana duba wanda ƙasar za ta karɓa. Cikin 1607 aka soke izinin kamfanin, kowa ya koma Faransa. Bayan 'yan shekaru ya sake komawa, shi ne ma ya yi jiyyar Membertou, tsohon sarkin ƙabilar Mi'kmaq, cikin ciwon ajalinsa a 1611. Cikin 1613 wani Bature na Ingila, Samuel Argall, ya taso daga Virginia da jiragensa ya ƙone Port-Royal ƙurmus. Louis ya koma Faris hannu banza, ya sake buɗe kanti. Da wani ne, da ya ce tafiya ta isa haka.

ALKAWARIN KAMFANI

Champlain kuwa tun 1608 ya kafa sansani a Kebek. Wurin ba wasa ba ne. Mutum 28 suka shiga hunturun farko a nan, 8 kaɗai suka fita da rai. Yawancinsu wani ciwo ya kashe su, wanda ke kumbura dasashi, haƙora su yi ta girgiɗi, jiki ya mutu, sanadinsa kuwa rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace. In sanyi ya sauka, kogin ya kan daskare ya zama ƙanƙara wata da watanni, ba jirgin da ke shiga, ba wanda ke fita. Abincin mutanen duka daga Faransa a ke kawo shi sau ɗaya a shekara, garin alkama da busasshen wake da naman da aka jiƙa da gishiri. In jirgi ya makara, sai yunwa. Shekara tara ana haka, ba iyali ko ɗaya da ya zauna, ba gonar kirki ko ɗaya. Champlain ya gane wurin da ke cin abinci daga jirgi zango ne kurum, ba zai zama gari ba sai an sami masu noma. 'Yan kamfani kuwa ba su so. A ganinsu, in an sare daji dabbar fata za ta gudu, wanda ya noma abincinsa ba zai sayi na kantinsu ba, in kuma mazauna suka yi yawa za su riƙa sayen fata a bayan idonsu.

Cikin hunturun 1616 zuwa 1617 Champlain yana Faris, sai ya nemi tsohon abokinsa ya yi masa tayin zuwa Kebek da iyalinsa. Ya samo masa alkawari daga kamfani: eku 200 kowace shekara ladan aikin magani, eku kuwa kuɗin zinariya ne na Faransa a zamanin, da ci da wurin kwana ga iyalinsa har ya gama share gona. Louis ya amince. Ya sayad da gidansa da lambunsa na Faris, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, Anne da Guillemette da ƙaraminsu Guillaume, suka nufi Honfleur, tashar jiragen ruwa ta lardin Normandi. Da isarsu sai suka tarar kamfani ya sake magana. Aka raba albashin biyu. Aka ce iyalinsa da baransa su ma za su yi wa kamfani aiki ba lada. Aka ce noma sai in ya sami sarari bayan aikin kamfani, abin da ya noma kuma ba zai sayar wa kowa ba sai kamfani, bisa kuɗin da aka yanka masa. Cinikin fata kuwa an hana shi ɗungum. To, gida an sayar, kaya an ɗaure, ga yara a bakin teku. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Cikin watan Maris 1617 ya sa hannu a takarda.

Suka yi kusan wata uku bisa ruwa. Da suka kusa ƙetarewa sai jirgin ya faɗa tsakanin duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku, har kowa ya fid da rai. An ba da labari cewa a ran nan Marie ta ɗaga ƙaramin ɗanta ta ƙofar rufin jirgi don limamin da ke tare da su ya sa masa albarka kafin su nutse. Allah ya kiyaye, suka fita. A tsakiyar shekara suka sauka Kebek.

GATARI DA SHEBUR

Kafin mu ci gaba sai mu gyara wata magana. In an ce Louis Hébert ne farkon manomi a Kanada, ana nufin farko cikin Turawa. Sa'ad da Jacques Cartier ya hau kogin nan cikin 1535, ya tarad da wani gari mai suna Stadacona daidai inda Kebek ta ke yanzu, mutanensa suna noman masara. Kafin zuwan Champlain garin nan ya watse, daji ya cinye gonakinsa. Can cikin ƙasa kuma ƙabilar Wendat manoma ne na gaske, suna shuka masara da wake da kabewa tun kaka da kakanni. Ƙasar tana da masu ita, tana kuma da manomanta, tun ba a san Bature zai zo ba.

Sansanin kamfani yana ƙasa a bakin ruwa. Louis ya hau kan tudu ya zaɓi wurinsa a can. Daji ne mai manyan itatuwa, waɗansu mutum biyu ba su kewaye su da hannu. Kayan aikinsa gatari ne da shebur da diga. Ba shi da garmar shanu, kamfani kuwa bai kawo masa ba. Sai a sare itace, a datsa shi, a ja shi gefe, a ƙone rassan, sa'an nan a bi tsakanin kututture ana kaftun ƙasa da hannu. Ga shi kuwa lokacin noma a ƙasar gajere ne, gama ba a shuka sai dusar ƙanƙara ta narke wajen watan Mayu, kuma tilas a girbe kafin sanyi ya komo wajen Oktoba. Duk wannan aiki yana yinsa ne a 'yan sa'o'in da ya samu bayan ya duba marasa lafiya. Duk da haka, da Champlain ya komo cikin 1618 ya hau tudun, sai ya ga hatsi ya yi kyau a gona, ga lambu cike da ganyaye iri iri. Sannu sannu Louis ya gina gidan dutse, ya sami shanu da aladu, ya dasa itatuwan tuffa da aka kawo daga Normandi. Ilminsa na tsiro da ya koya don magani, shi ya yi masa jagora a gona.

Marie kuwa ita ce rabin aikin. Tana lambu, tana girki, tana taya mijinta jiyya, tana koya wa 'ya'yanta karatu. Cikin 1618 aka ɗaura wa babbar 'yarsu, Anne, aure da wani saurayi, Étienne Jonquest, wannan ne aure na farko da Faransawa suka ɗaura a Kanada. Murna ba ta daɗe ba. Shekara na kewayowa Anne ta rasu wurin haihuwa, uba mai magani yana nan, amma ba abin da ya iya. Ba a jima ba mijin ma ya bi ta. Iyayen suka binne 'yarsu a baƙuwar ƙasa, suka koma gona. Cikin Agusta 1621 Guillemette ta auri Guillaume Couillard, wani kafinta mai gyaran jiragen kamfani, wanda ya zo Kebek tun wajen 1613. Shi bai iya karatu ba, amma ƙaƙƙarfa ne mai himma, ya zama hannun daman surukinsa.

Gaskiya da haƙuri suka jawo wa Louis girma. Cikin 1620 Champlain ya naɗa shi wakilin Sarki a wajen shari'a. Cikin 1621 yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kuka da mazauna Kebek suka aika wa Sarki Luwi na 13. Mutanen ƙasar kuma sun amince da shi, gama ya kan yi musu magani kamar yadda ya ke yi wa 'yan'uwansa, ya kuma ɗauke su mutane masu hankali, abin da Turawa da yawa na zamanin ba su yi ba. Amma har yanzu ƙasar da ya share da guminsa ba tasa ba ce a takarda. Sai ya kai kuka, cikin Fabrairu 1623 aka ba shi takardar mallaka, cikin Fabrairu 1626 aka tabbatar masa da ita, aka sa wa wurin suna Sault-au-Matelot, aka ƙara masa wata ƙasa a bakin kogin Saint-Charles. Bai ci moriyar takardar ba sai 'yan watanni. A ƙarshen shekarar nan santsin ƙanƙara ya kwashe shi ya faɗi, ya ji ciwo mai tsanani, ya kwanta, ya rasu cikin Janairu 1627 yana da shekara wajen 52. Har ya mutu bai ga garma ta tsaga gonarsa ba. Sai cikin Afrilu 1628 surukinsa Couillard ya ɗaura wa shanu garma ya yi huɗa, ita ce huɗar shanu ta farko a ƙasar.

SHEKARAR YUNWA

A shekarar da Louis ya rasu, Faransawan Kebek duka ba su kai ɗari ba. Richelieu, Wazirin Sarki, ya ga abin kunya ne, ya kori tsohon kamfani ya kafa sabo, wanda ya yi alkawarin kai mutum 4,000 cikin shekara 15. Amma a shekarar nan yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Ingila. Cikin 1628 sabon kamfani ya aiko jirage cike da abinci da sababbin mazauna, sai waɗansu 'yan'uwa masu suna Kirke, waɗanda ke yi wa Sarkin Ingila yaƙin teku, suka tare su a bakin kogi suka kame su duka. Ko buhu ɗaya bai iso Kebek ba. Hunturu ya sauka. Champlain ya riƙa auna wa mutane ɗan waken da ya rage, ya ƙare. Suka sayi kifi daga mutanen ƙasar da fatun da suka tara, suka shiga daji suna tonon saiwoyi. Hatsin da ya fi yawa a garin, na gonar iyalin Hébert ne. Aka raba shi kaɗan kaɗan, bai isa ba, gama gona ɗaya ba ta ciyad da gari. Cikin Yuli 1629 jiragen Ingilishi suka iso, Champlain ya duba ba abinci, ba albarushi, sai ya ba da gari. Da kamfani ya bar iyali goma sun yi noma tun 1617, da wataƙila ba a karɓi Kebek da sauƙi haka ba. Rowar garma ɗaya ta sa suka yi hasarar kasuwar fata ɗungum.

Ingilishi suka ce duk mai son komawa Faransa za a kai shi. Champlain da limamai da yawancin ma'aikatan kamfani suka shiga jirgi. Marie Rollet, wadda ta sake aure cikin Mayu na shekarar da wani mai suna Guillaume Hubou, ta yi shawara da 'yarta da surukinta. A Faransa ba su da gida, ba su da ko taƙi. A nan kuwa ga gona, ga shanu, ga kabarin Louis da na Anne. Suka zauna, su da waɗansu 'yan kaɗan. Shekara uku suna ƙarƙashin baƙi, ba limaminsu, ba labarin gida, suna nomansu. Cikin 1632 sarakunan biyu suka yi sulhu a Saint-Germain-en-Laye, aka mayar wa Faransa ƙasar. Da Faransawa suka komo sun tarar sansanin kamfani ya zama kango, amma gidan dutsen nan na kan tudu yana tsaye, a cikinsa ma aka yi sujadar farko ta Kirista bayan komowarsu. Ku lura da kyau. Ɗan kasuwa ya tafi, soja ya tafi, wanda ya yi shuka shi ya zauna.

ABIN DA BA A CIKA FAƊA BA

Bayan haka Marie ta mai da gidanta makaranta. Limamai su kan kawo mata 'yan mata na mutanen ƙasar, ta ciyad da su, ta koya musu Faransanci da addinin Kirista da aikin gida, sabo da haka mutanen Kebek ke kiranta malamarsu ta farko. Ta rasu cikin Mayu 1649. Amma mai koyon tarihi ba ya duban gefe ɗaya. Abin da limaman ke nufi shi ne su mai da yaran nan Faransawa, su bar harshen iyayensu da al'adarsu. Irin tunanin nan ya girma daga baya har aka riƙa ƙwace yara daga iyayensu ana kulle su a makarantun kwana, abin da gwamnatin Kanada ta nemi gafara a kansa cikin 2008. Jiragen da suka kawo mazauna kuma sun kawo agana da ƙyanda, waɗanda suka kashe kusan rabin ƙabilar Wendat tsakanin 1634 da 1640. Takardar mallakar da Louis ya yi murna da ita, a Faransa aka rubuta ta, ba wanda ya tambayi masu ƙasa.

Akwai kuma wani yaro a gidan nan wanda ya kamata mu, mutanen Afirka, mu san sunansa. 'Yan Kirke sun zo da wani ƙaramin yaro baƙar fata, waɗansu sun ce daga Madagaskar aka ɗauko shi, waɗansu sun ce daga gaɓar Gini. Suka sayad da shi eku 50 ga wani magatakarda, shi kuma da zai bar ƙasar cikin 1632 ya ba da shi ga Couillard. Yaron ya yi karatu wurin wani limami, Paul Le Jeune, aka yi masa baftisma cikin 1633, aka sa masa suna Olivier Le Jeune. Ya yi aiki a gidan da gonar har ya rasu cikin 1654. Shi ne bawa ɗan Afirka na farko da aka rubuta labarin sayarwarsa a Kanada. Sunan da uwarsa ta sa masa ya ɓace. In ana lissafin hannuwan da suka raya gonar nan, nasa na ciki.

ZURIYA

Guillaume, yaron nan da aka ɗaga a cikin jirgi, ya girma ya auri Hélène Desportes cikin 1634, suka haifi 'ya'ya uku, ya rasu da ƙuruciyarsa cikin 1639. Ɗansa namiji guda ɗaya, Joseph, mayaƙan ƙabilar Iroquois suka kama shi suka kashe, ɗan da ya bari kuma bai rayu ba. Da haka sunan Hébert ya yanke ta wajen maza. Ta wajen mata ne zuriyar ta yaɗu. Guillemette ta haifa wa Couillard 'ya'ya goma. Cikin 1654 Sarki ya ɗaukaka kafintan nan ya sa shi cikin masu sarauta, ya rasu cikin 1663. 'Ya'yansu maza biyu su ma a yaƙin Iroquois suka mutu, ɗaya cikin 1661, ɗaya cikin 1662. Cikin 1666 Guillemette ta sayar wa Bishop Laval gonar ubanta, ya gina makarantar limamai a kanta, makarantar da daga baya ta haifi Jami'ar Laval. Cikin 1678 aka tono akwatin gawar Louis aka mai da shi cikin sabuwar majami'a, tsohuwar tana raye. Ta rasu cikin 1684, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa zuriyarta ta wuce mutum 200. Yau dubban dubbai na mutanen Kanada da Amurka, in sun bi salsalarsu, a gidan dutsen nan ta ke tsayawa. Irin waɗannan iyalai na manoma, masu 'ya'ya da yawa, su ne Ingilishi suka tarar sa'ad da suka ci Kebek da yaƙi cikin 1759. Gwamna da hafsoshinsa suka koma Faransa, manoma suka zauna bisa gonakinsu da harshensu. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan.

Cikin 1918 mutanen Kebek suka kafa wa iyalin mutum-mutumi na tagulla, aikin wani gwani mai suna Alfred Laliberté. Louis na tsaye a bisa ya ɗaga damin alkama sama, Marie na zaune da yara uku da littafi, Couillard na riƙe da garma. Yana nan a wani lambu kan tudun, kusa da inda gonar ta ke dā.

Mun daɗe muna lura, yaro da yawa in ya iya riƙe alƙalami sai ya ga hannunsa ya fi ƙarfin fartanya, in an fita gonar makaranta ya riƙa laɓe-laɓe kamar an kai shi horo. Ga mutum wanda ya iya Latin, ya girma kusa da fadar sarki, ya zama wakilin Sarki a wajen shari'a, amma abin da ya sa a ke tunawa da shi bayan shekara 400 shi ne 'yar gonar da ya kafta da shebur. Karatunsa bai hana shi duƙawa ba, shi ne ma ya koya masa gwada iri da lura da ƙasa. Ku tuna kuma da ranar Honfleur, kada ɗayanku ya sayad da abin da ke hannunsa bisa alkawarin baka, sai ya ga takarda ya karanta ta daga sama har ƙasa. Ku tuna da hunturun 1628, ku san garin da cinsa ke zuwa daga ƙetare, ransa na hannun mai tare hanya. Yanzu sai ku koma ga taswirarku, ku nemo Honfleur, ku nemo Kebek, ku auna nisan da ke tsakaninsu da ma'aunin da ke ƙasan shafi, ku kawo wa malaminku amsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.